Tsakanin Lasisi da Samame: Ina Muka Dosa da Kasuwar Dare?

 



Muna neman afuwar manya tun kafin mu fara, domin maganar da aka ɗora mana yau ba irin wadda yaro ke buɗe baki ya yi a gaban iyayensa ba ce. Kwamitin ƙungiya ya nemi mu duba muhawarar da ake yi a ƙasashe da dama a kan abin da ake kira nishaɗin manya, wato karuwanci da gidajen rawa na dare da cinikin hotunan batsa: shin hukuma ta halatta shi, ta yi masa rajista, ta karɓi haraji, ta sa masa ido, ko kuwa ta ci gaba da haramta shi? Akwai waɗanda suka ba mu shawara mu zaɓi wani batun. Mun gode musu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin yana nan a Kano da Kaduna da Maraɗi, yana cikin wayar ƙannenmu, kuma a cikin wannan ɗaki akwai waɗanda gobe za su zama likitoci da lauyoyi da 'yan majalisa, su tarar da shi a kan teburinsu.

Bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri, don kada wani ya fita da rabin magana. Ba mu zo neman a halatta abin da Allah Ya haramta ba, kuma ba mu ga dalilin da zai sa Kano ta kwaikwayi Amsterdam ba. Sai dai shekara ashirin da ɗoriya muna gwada samame da kame, kuma abin da muka gani shi ne nauyin hukunci yana sauka a kan wadda ta fi kowa rauni a cikin cinikin, masu cin ribarsa kuwa suna kwana a gidajensu. Haramci magana ce ɗaya, tsarin da za a bi a rage ɓarna magana ce ta biyu. Mun riƙe ta farko, mun yi sakaci da ta biyu.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. Wannan unguwa ta Shisanhang, da a yau 'yan kasuwarmu suka sani da sarin tufafin mata tun da asuba, sunanta yana nufin gidajen ciniki goma sha uku. Daga 1757, lokacin da sarki Qianlong ya taƙaita cinikin teku da Turawa a Guangzhou kaɗai, har zuwa yarjejeniyar Nanjing ta 1842, a nan bakin kogi ake killace baƙin fatake. An ƙayyade musu lokacin zuwa da na tafiya, an hana su shiga cikin ganuwar birni, an hana su zuwa da matansu. A kan kogin kuwa akwai jiragen da ake kira jiragen furanni, masu ado da fitilu, inda attajiran gari ke zuwa cin abinci da sauraron kiɗa da neman mata. Doka ta hana baƙi hawa su, amma can ƙasa a Huangpu, inda manyan jiragen ruwa ke kafa anga, ƙananan kwale-kwale suna kai da komo wurin matuƙa, ma'aikata suna kau da kai. Darasin da wannan wuri ya bar mana shi ne, duk inda aka tara maza da kuɗi nesa da iyalinsu, a gefe kuma ga mata cikin talauci, kasuwar dare za ta ci, da takardar hukuma ko babu. Wanda ya san Sabon Garin Kano ko tashoshin manyan motoci na hanyar Legas ya san wannan ba baƙon labari ba ne.

Ƙasar Sin ta zamani ta gwada kawar da abin gaba ɗaya. A daren 21 ga Nuwamba 1949, hukumomin Beijing suka rufe gidajen karuwai fiye da ɗari biyu a dare guda. Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan rufewar. Masu gidajen aka gurfanar. Matan kuwa aka yi musu maganin tunjere da ciwon sanyi, aka koya musu karatu da sana'a, aka tura da yawansu masaƙu ko aka mayar da su ga danginsu. An yi amfani da ƙarfi, ba mu ɓoye wannan ba, amma ƙarfin ya zo tare da magani da abin yi. Da aka buɗe ƙofar kasuwanci bayan 1978, miliyoyin mutane suka baro ƙauyuka zuwa biranen masana'antu, sai sana'ar ta dawo ta ƙofar otal da gidajen tausa da ɗakunan waƙa.

Ga Dongguan nan kusa da mu, tsakanin Guangzhou da Shenzhen. A watan Fabrairu na 2014 gidan talabijin na ƙasa ya nuna yadda cinikin ya yi katutu a otal-otal na birnin, aka tura 'yan sanda fiye da dubu shida samame, aka kuma sauke shugaban 'yan sandan birnin daga muƙaminsa. Saukewar nan ita ce ta fi jan hankalinmu, domin ta nuna hukuma ta yarda cewa irin wannan ciniki ba ya girma haka sai da inuwar wani babba. Sannan a watan Disamba na 2019 majalisar ƙasar ta soke tsarin da ya ba 'yan sanda damar tsare mace ko abokin cinikinta daga wata shida zuwa shekara biyu ba tare da an je gaban alƙali ba. Karuwanci bai halatta a Sin ba har gobe, akwai tara da tsarewa ta 'yan kwanaki, kuma mai shirya cinikin yana fuskantar ɗauri mai tsawo. Abin da aka cire shi ne ɗauri ba shari'a. Ashe ana iya barin abu a haramcinsa, a kuma gyara yadda ake mu'amala da wanda aka kama.

Yanzu mu koma gida. Kakanninmu ba su jahilci wannan matsala ba, kuma ba su bar ta kara zube ba. A garuruwan Hausa da yawa akwai magajiya, wadda mata masu zaman kansu ke ƙarƙashinta. Ita ke sasanta rikicinsu, ita ke tsaya musu a gaban hakimi ko alƙali, ta hannunta ake isar musu da umarnin fada, sau da yawa kuma a gidanta bazawara ke samun mijin da za ta koma ɗaki. A Maraɗi, Iya, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ke riƙe da ragamar 'yan bori da matan da ba su da aure. Malamai ba su taɓa cewa zaman ya halatta ba, amma masu mulki sun ga gara a san inda mutanen suke da wanda zai amsa tambaya a kansu. A shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta zo, waɗannan matan ne suka cika tarukan NEPU da NPC da guɗa da waƙa, a lokacin da matan aure ke cikin kulle. An ci moriyarsu a ranar zaɓe. Idan kuma ruwan sama ya yi jinkiri, su ne na farko da ake shelanta wa su yi aure ko su bar gari, kamar su kaɗai ne masu zunubi a ƙasar.

Wannan ɗabi'a ta kora ita muka ɗauko muka sa mata rigar zamani. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999, sauran jihohi suka bi, Kano ta yi nata a 2000, aka rufe gidajen magajiya da mashaya a wurare da dama. Mata da yawa suka kwashe kayansu, wasu zuwa barikin soja da unguwannin da dokar ba ta cika kaiwa ba, wasu Abuja, wasu suka tsallaka iyaka zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi, abokan cinikinsu kuma suka bi su a mota ranar hutu. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya da gidajen matan da ba su da aure, aka ƙona gidan Iya. Bikin yana can nisan ɗaruruwan kilomita, amma waɗanda suka kwana a waje mata ne talakawa da ba su san ma me ake nunawa ba.

Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. A 2007 wani bidiyo na sirri ya fita daga waya zuwa waya, aka dakatar da shirya fim na tsawon watanni, dubban matasa suka zauna ba aiki, yarinyar da ke ciki ta ɗauki kunyar duniya, namijin kuwa kusan ba wanda ya riƙe sunansa. A ƙarshen Fabrairu na 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda ake jefa mata a mota lokacin samame. Shaikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisba, bayan 'yan kwanaki malamai suka shiga tsakani ya koma. Mutane sun rabu biyu, wasu na bayan gwamna wasu na bayan malam, aka yi ta musayar zafafan kalamai a Facebook. Tambayar da ta fi muhimmanci ta ɓace a cikin hayaniyar: wace ƙa'ida ce a rubuce take faɗa wa ɗan Hisba abin da zai yi da wanda ba zai yi ba idan ya shiga gida, kuma ina matar da aka kama take kwana bayan mako guda da sakinta?

Masu cewa a halatta suna da hujja, kuma adalci ne mu saurare ta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Senegal, ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne. Tun 1969 doka a can ta yarda macen da ta kai shekara 21 ta yi rajista, ta riƙe katin lafiya, ta riƙa zuwa asibiti ana duba ta. Masana lafiya da yawa suna lissafa wannan cikin dalilan da suka sa cutar ƙanjamau ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari a ƙasar ba. A Nijeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, a tsakanin mata masu zaman kansu kuwa adadin ya ninka haka sau da yawa. Cutar ba ta tsayawa a ɗakin otal. Namijin da ya ɗauko ta gidansa yake komawa, ga uwargida da amarya da jaririn da ke shan nono.

To amma a Senegal ɗin ma, waɗanda ba su yi rajista ba sun fi waɗanda suka yi yawa, domin mace tana tsoron sunanta ya shiga littafin hukuma ya bi ta har bayan ta tuba. Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a shekarar 2000 da fatan fitar da cinikin daga hannun miyagu, amma tun daga 2007 hukumar birnin Amsterdam ta shiga rage tagogin unguwar, saboda masu safarar mata da masu wanke kuɗin haram sun fake a bayan lasisin. Jamus ta halatta a 2002, sannan a 2017 ta dawo ta tsaurara doka. Suwidin kuwa tun 1999 ta ɗauki wata hanyar, ta ce mai saye ne mai laifi, ba mai sayarwa ba, Faransa ta bi ta a 2016. Idan ƙasashen da ma'aikacinsu ke karɓar albashi a kan kari sun sha wannan wahala da lasisi, ina ga inda takardar izini kan zama sabuwar hanyar karɓar na goro? Ban da haka, babu majalisar jiha a Arewa da za ta zartar da irin wannan doka, babu kuma al'ummar da za ta karɓe ta. Wanda ya ɓata shekarunsa yana kiran a halatta, ya bar matan nan a inda ya same su.

Abin mamaki shi ne, mafi yawan gyaran da muke nema yana cikin shari'ar da muke cewa muna karewa. Ita ce ta ce ba a karɓar shaida a kan zina sai ta shaidu huɗu da suka gani da ido, ta kuma tanadi bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Ita ce ta hana leƙen asirin mutane da haura musu katanga. A cikin Suratun Nur, inda aka yi maganar tilasta wa kuyangi karuwanci don neman abin duniya, wanda aka fuskanta da hani shi ne mai tilastawa, wadda aka tilasta kuwa aka buɗe mata ƙofar gafara. Idan muka ɗauki hoton yarinya a ofis, fuskarta a buɗe, muka watsa a intanet tun ba ta ga alƙali ba, mun yanke mata hukuncin da ya fi bulala daɗewa, mun kuma toshe mata hanyar aure da ta komawa gida, wato hanyoyin da muke cewa muna so ta bi.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata ƙungiyarmu ta tsaya a kai, ta kuma rubuta wa 'yan majalisun jihohinmu.

Na farko, a juya akalar hukunci zuwa ga masu cin riba: kawali, da mai otal da ke ba da ɗaki na awa ɗaya yana sane, da dillalin da ke ɗauko yarinya daga ƙauye da sunan aikatau ko aikin shago a ƙasar waje, da ma'aikacin da ke karɓar kason mako don ya kau da kai. Hukumar NAPTIP tana nan tun 2003, an kuma sabunta dokarta a 2015. Abin da ya rage shi ne jihohi su riƙa miƙa mata irin waɗannan shari'u maimakon a ƙare a kan yarinyar da aka samu a ɗaki.

Na biyu, abin da yake da lasisi a yi masa tsari na gaskiya. Gidajen gala da wuraren biki da otal-otal suna aiki da izinin hukuma, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta sha soke lasisin wasu gidajen gala. Sokewa bayan ɓarna ta auku ba ta wadatar ba. A rubuta sharuɗɗa kowa ya gani: shekarun mai rawa da na mai kallo, lokacin tashi, albashin da za a biya 'yan wasa a hannunsu don kada abincinsu ya rataya a kan liƙin 'yan kallo, da hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda aka rufe wa gida bisa zalunci. Duk inda aka samu yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, mai gidan ne zai amsa.

Na uku, a raba asibiti da ofishin kame. Mace ta iya zuwa gwaji da karɓar magani ba tare da tsoron sunanta zai fita ba, kuma a daina ɗaukar kwaroron roba a jakar mace a matsayin shaidar laifi, domin hakan yana koya mata ta bar shi a gida, cutar kuma ta bi mijin wata.

Na huɗu, a rubuta ƙa'idar samame: mata ne za su kama mata, ba duka, ba ɗaukar hoto, a kai mutum gaban alƙali cikin lokacin da tsarin mulki ya ƙayyade. Wannan kariya ce ga ɗan Hisba mai gaskiya kafin kowa, domin ita za ta raba shi da mai fakewa da rigarsa.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi, a duba ƙofar da ake shigowa ta cikinta. Kowannenmu ya san wata a unguwarsu da aka saka da 'ya'ya uku, aka fitar da ita tun idda ba ta cika ba, uban yaran bai sake aiko ko ƙwayar hatsi ba, gidan iyayenta kuma ba wurin kwana. Auren gata da gwamnatin Kano ta fara a 2012, wanda a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, yunƙuri ne mai kyau, amma ba zai ɗauke nauyin kotun da za ta tilasta wa uba ciyar da 'ya'yansa ba, ko makarantar da za ta karɓi bazawara ta ƙarasa karatunta, ko jarin da zai kai ta wata shida ba ta nemi kowa ba. Beijing ta 1949 ba ta tsaya a kulle ƙofa ba, ta buɗe wata. Mu mun iya kullewa.

Akwai kuma sabuwar kasuwar da ba ta da ƙofar da za a kulle, wato ta cikin waya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan hotunan batsa na yara, amma yarinyar da tsohon saurayi ke yi wa barazana da hotonta ba ta san inda za ta kai kuka ba tare da ta zama abin tuhuma ba. 'Yan uwanmu da ke karatun kwamfuta da shari'a a nan suna da aikin yi a wannan fage, ko da fassara dokar zuwa Hausa ce da bayyana wa iyaye matakin da za su ɗauka.

Daga ƙarshe, kalma ɗaya gare mu maza da ke wannan ɗaki, ɗalibai da 'yan kasuwa. Muna zaune nesa da gida, kamar fataken da aka killace a wannan unguwa shekara ɗari biyu da suka wuce, ba idon uwa ba na maƙwabci. Kasuwa ba ta ci sai da mai saye. Ba daidai ba ne mu yi shiru a kan wannan a Guangzhou, sannan mu koma gida mu fi kowa ɗaga murya a kan 'yar talakan da aka jefa a mota. Idan za mu nemi hukuma ta yi adalci, mu fara da kanmu.

Muna roƙon sakataren ƙungiya ya karɓi sunayen waɗanda za su zauna su tsara takardar da za mu aika gida, musamman 'yan uwanmu mata, domin an daɗe ana yanke hukunci a kan wannan batu ba tare da an ji ta bakinsu ba. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gyara daga malamanmu da iyayenmu. Allah Ya shirye mu, Ya rufa mana asiri, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da zai amfani jama'armu.